Ba ta Hannun Kowa

Idan kana neman Raelene Tregenza a garin Whyalla da rana, kada ka wahalar da ƙafarka zuwa gidanta. Ka zagaya bayan gidan kula da tsofaffi, ka bi ƙarar injin wanki, za ka same ta cikin tarin zannuwan gado, hannun riga a naɗe, tana zazzaga wa wani faɗa alhali shi ba ya wurin. Shekara goma sha shida ke nan tana wannan aiki. Gajeriyar mace ce mai ƙarfin damtse, ba ta makara, ba ta ƙyuya, kuma ba ta mantuwa. Wannan na ƙarshen shi ne matsalarta.

A garin aka haife ta. Ubanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa da jin kunnensa a masana'antar ƙarfe, uwarta kuma tana sayar da abinci a makarantar firamare. Raelene tana da shekara ashirin da uku wata ƙungiyar ƙwallo ta zo daga Port Lincoln, a cikinta akwai wani dogon masunci mai suna Branko Vidak, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Kuroshiya da sana'ar kamun kifi. Aka lallasa su a fili, shi kuma ya koma gida da lambar wayar Raelene. Bayan aure dai, a faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Ya bar teku ya shiga masana'antar ƙarfe, don ta ce ita ba inda za ta. Shekara bakwai ya yi yana fita aiki kamar wanda za a cire wa haƙori. Ranar da ya ce zai koma jirgi, babbar 'yarsu Shanae tana da shekara shida, ƙaramar kuwa, Kirra, ko tafiya ba ta fara ba. Raelene ta ce ya gaida kifaye. Babu wata mace a zancen, babu duka, babu giya fiye da ta kowa. Ita da bakinta takan ce da ma akwai, da ta san wanda za ta zaga.

Ni dai ban taɓa ganin kishi irin na Raelene ba. Sayi sabuwar mota ka wuce ta gabanta, za ta ɗaga maka hannu da zuciya ɗaya. Gina bene a kusa da gidanta, ita za ta fara kawo maka biskit. Amma bari ɗaya daga cikin 'ya'yanta ta yabi wani a gabanta, nan za ka ga fuska ta canja. Malamar aji huɗu da Shanae ta taɓa cewa ta fi kowa kirki, har yau idan suka haɗu a kanti Raelene sai ta tsaya karanta bayan gwangwanin wake har matar ta wuce.

To, a nan idan aure ya mutu, ofishin kuɗin renon yara ba ya tambayar wa ya fi son yaro. Kwana yake ƙirgawa. Kwana nawa yaro ya yi a gidan uwa cikin shekara, nawa a gidan uba, a haɗa da albashin kowa, a fitar da abin da ɗaya zai riƙa ba ɗaya. Duk shekara takarda takan zo wa Raelene da sunayen yaran biyu a jere, a gaban kowane suna an rubuta a hannun wa yake. Shekara goma sha ɗaya amsar ɗaya ce: a hannun uwa. Branko 'yan makonnin hutun makaranta kawai yake samu. Kuɗin kuwa daga albashinsa ake cirewa, bai taɓa tsallake wata ba, bai taɓa ƙorafi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Sauran matan ɗakin wanki kowacce da labarin tsohon miji mai ɓoye albashi, ita kuwa ba ta da abin kawowa a hira.

Ita ke tsefe kwarkwata, ita ke zaman jira a wurin likitan haƙori, ita ke cewa a ajiye waya a yi aikin makaranta, a yi ta kumbure-kumbure ana buga mata ƙofa. Shi kuwa yaran su je masa mako biyu su dawo rana ta ƙona musu hanci, suna warin gishiri, bakinsu cike da "Baba ya ce". Baba ya ce inda tsuntsaye suka taru akwai kifi. Baba ya ce ba a yin fito da baki a cikin jirgi. Raelene takan ce, "Baban naku bai ce ga wanda zai wanke waɗannan kayan ba?" Sai ta kwashi jakunkunan ta yi wajen injin wanki, a ranar hutunta ma.

Shanae ta cika sha bakwai a watan Nuwamba, ta gama aji na sha ɗaya, ta ce ita da makaranta sai dai a gaisa daga nesa. Bayan Kirsimeti, wanda a nan lokacin bazara ne, ana irin zafin nan da kwalta ke manne wa takalmi, ta zauna a kicin ta gaya wa uwarta an ɗauke ta koyon aiki a Port Lincoln, a jirgin da ke kai wa kifi abinci a manyan ragogin da ake kiwonsu cikin teku.

"Wa ya samo miki?" in ji Raelene.

"Ni na nema."

"Shanae."

"To, Baba ya yi wa mai jirgin magana. Amma ni na je aka gwada ni."

"Sai ki ce gidan ubanki za ki koma, ki daina zagaye-zagaye."

"Ba gidansa ba ne, Mama. Tsohuwar tirelar nan ce ta bayan gida, ɗaki mai taya, mai gado da murhu a ciki. Haya ma zan riƙa biyansa."

"Nawa?"

Shanae ta faɗa. Raelene ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ko kare ba a ajiyewa a wannan farashi.

Amma ba ta hana ta ba. Ta san 'yarta, ta kuma san daga wurin wa ta gado taurin kai. Ta goge mata zannuwan gado biyu har gefensu yana neman yanka hannu, ta haɗa mata tukunya da cokula, ta raka ta tashar bas ta yi mata faɗa a kan hular rana har motar ta tashi. Sai da ta dawo gida ta ga ɗakin a share, sannan ta zauna a bakin gadon ta yi kukanta, ta wanke fuska kafin Kirra ta dawo daga wurin ƙawayenta.

Shanae tana kira, ba a ce ba ta kira. Sai dai duk kiran da ta yi, Raelene takan ajiye waya da ciwon da ya fi na rashin kiran. Baba ya koya mata ɗaurin igiya kala biyar. Baba ya saya mata takalmin roba mai kyau, don na kamfani yana cin ƙafa. Ranar da amai ya kama ta a teku Baba ya dafa mata citta. Citta! Raelene da ta yi shekara goma sha bakwai tana share aman yarinyar nan, yau wani ya dafa citta sau ɗaya ya zama likita. Rannan kuma sai ga hoto ya shigo wayarta: Shanae da ubanta a bakin tashar jirage, sun tallabi wani ƙaton kifi su biyu, dariya iri ɗaya, haƙora iri ɗaya. Ta kalli hoton nan ya fi sau ashirin. Ba ta taɓa lura yarinyar ta yi kama da shi haka ba.

A lokacin shan shayi ta nuna hoton ga Bev, abokiyar aikinta, wadda ta yi aure biyu ta fita biyu, shi ya sa take ganin ta fi lauya sanin doka. Bev ta ɗaga tabarau ta duba, ta ce kifin ya yi kyau, sannan ta ce, "Kin gaya wa ofis kuwa?"

"In gaya musu me?"

"Yarinya ta bar gida, Rae. Kwana ashirin da takwas suke ba mutum ya sanar. Ke yau wata biyu."

"Ai ba wurinsa ta koma ba. Haya take yi."

"Tirelar a filin wa take?"

Raelene ta karɓe wayarta ta sa a aljihu.

"Wutar daga ina aka jawo mata? Wanka fa, a teku take yi?" Bev ta tsoma biskit a shayi. "Ƙawata, mutumin nan in ya ɗaga waya yau, gobe za su rubuta yarinya a hannunsa take. Ɗaya wurinki, ɗaya wurinsa, a sake buga lissafi. Ni lokacin da ɗana ya koma wurin ubansa, ni na koma biya, ni da na haife shi da ciwon kwana biyu."

Maganar kuɗin ta bi ta bayan kunnen Raelene ta wuce. Kalma uku ce ta tsaya mata a rai: a hannunsa take. Wato za a buga takarda, da tambarin gwamnati, a sa sunan Shanae, a gabansa a sa sunan Branko Vidak a matsayin mai kula da ita. Mutumin da bai san lambar takalminta ba sai bana.

Bev ta ga yadda fuskarta ta yi, ta ce, "Kai, ni da na sani da na ja bakina. Ki bar maganar nan. Nuwamba tana cika sha takwas, sunanta ya faɗi da kansa daga takardar. Wata takwas ne fa kawai. Kuma shi bai ce komai ba."

"Bai ce komai ba tukuna," in ji Raelene. "Na san shi. Shiru-shirun nan nasa shi ne makaminsa."

Gaskiyar magana ba ta san shi da wani makami ba. Amma kwana uku tana ninke zannuwa tana ganinsa a ranta riƙe da waya, yana gaya wa ofis da muryarsa mai sanyi cewa yanzu shi ke riƙon 'yarsa. A rana ta huɗu ta ce gara ta riga shi. Da tsakar rana ta shiga motarta a wurin ajiye motoci, ta kira ofishin, ta sha kiɗan jira na minti arba'in tana cin burodinta, har wata mata mai taushin murya ta ɗauka.

Matar ta saurare ta, ta gode mata da ta sanar, sannan ta yi mata bayani dalla-dalla. Idan babbar yarinya ta bar gidan uwa ta koma ƙarƙashin uba, za a rubuta ta a hannunsa, a rage abin da yake biya na ƙaramar da abin da ya kamata ita uwar ta bayar na babbar. Idan kuwa yarinyar ta tsaya da ƙafarta ne, tana aiki, tana ciyar da kanta, babu wanda ke ɗauke da ita cikin iyayen, to sai a cire ta daga lissafin gaba ɗaya, a bar ƙaramar kaɗai.

"A cire ta, wato ba za a rubuta sunansa a gaban nata ba?"

"Ba za a rubuta sunan kowa ba," in ji matar. "Ba ta hannun kowa ke nan."

"To haka ne. Ba ta hannun kowa."

Matar ta ce za su tuntuɓi uban su ji ta bakinsa, kuma zai taimaka idan akwai shaida: takardar albashin yarinyar, rasidin haya, ko wani rubutu da ke nuna yadda take zaune. Raelene ta ce za a samu. Da ta koma ɗakin wanki har da 'yar waƙarta, Bev ta kalle ta ta girgiza kai.

Ita ta rubuta shaidar da hannunta, ta sake rubutawa sau uku don layin ya miƙe. Ranar Asabar da sassafe ta ajiye Kirra a gidan ƙawarta, ta kama hanyar Port Lincoln, tafiyar awa uku, gonakin alkama da aka girbe a dama, teku tana leƙowa a hagu. Duk hanya tana shirya abin da za ta ce wa Branko idan ya yi gardama. Ta shirya amsa har ta abin da ba zai taɓa faɗa ba.

Ta same shi a bayan gida yana fiɗar kifi a kan wani tsohon tebur. Ya yi furfura, ya ɗan yi tumbi, abin da ya ɗan sanyaya mata rai. Ya ɗago ya gan ta, ya goge hannu a wando.

"A'a, Rae. Sannu da hanya. Ba ki ce za ki zo ba."

"Sai na nemi izini kafin in ga 'yata?"

"Ko kaɗan. Tana ciki. Za ki sha shayi?"

"Na sha."

Tirelar tana ƙarƙashin wata bishiyar lemo. An yi mata fenti, an kafa mata rumfa, an jera tubala daga ƙofarta har ƙofar kicin ɗinsa don kada mutum ya taka taɓo. Raelene ta tsaya tana kallon tubalan nan. Tsakiyarsu har ya fara yin santsi saboda yawan takawa. Shekara bakwai ta yi tana roƙon mutumin nan ya gyara mata marfin kabad guda ɗaya.

Shanae ta fito da gudu ta rungume ta. Ta yi baƙi, kafaɗunta sun buɗe, tafin hannunta ya yi kaushi. Ta ja uwarta ciki tana nuna mata komai. Zannuwan suna kan gado, an wanke su ba a goge ba. Tukunyar kuwa tana kan kanta da takardar farashinta a manne, ko sau ɗaya ba a ɗora ta a wuta ba.

"A ina kike cin abinci?"

"A ciki, wurin Baba. Ai ɓarna ce a dafa tukunya biyu."

Raelene ta kau da kai daga tukunyar. Ta buɗe jaka ta fito da takardar da biro, ta ce wani ɗan abu ne na ofis, sa hannu kawai za ta yi, sai kuma takardar albashinta ta ƙarshe. Shanae ta karɓa tana murmushi, ta fara karantawa a bayyane, murmushin yana raguwa layi bayan layi.

"Ni Shanae Vidak, ina zaune ni kaɗai, ina aiki, ina ciyar da kaina. Babu wanda ke kula da ni cikin iyayena." Ta ɗago. "Mama, mene ne wannan?"

"Don kada ubanki ya je ya ce a hannunsa kike."

"Ya ce wa wa?"

"Ofis mana."

Shanae ta leƙa ƙofa ta ƙwala kira. Branko ya zo ya tsaya a bakin rumfa, don tirelar ba za ta ɗauki mutum uku ba. Yarinyar ta miƙa masa takardar. Ya karanta a hankali yana motsa leɓe, kamar yadda yake karanta komai.

"Ashe ke ce," ya ce. "Jiya suka kira ni ina cikin jirgi. Na ce zan kira su Litinin."

"Na riga ka ke nan."

"Riga ni ina? Ni ban yi niyyar kiran kowa ba, Rae."

"Ka gaya wa wanda bai san ka ba."

"Wallahi Mama bai yi niyya ba," in ji Shanae. "Ni na roƙe shi tun ranar da na zo. Na ce ya bar komai yadda yake har in cika sha takwas, saboda hayar gida da makarantar Kirra. Ya ce shi da ma bai san ana sanarwa ba, kuma ko ya sani ba zai yi ba."

Wata uwar da ta ji haka jikinta zai yi sanyi. Raelene kuwa wuta aka ƙara mata. Wato sun zauna su biyu, a kicin ɗinsa, a kan kifinsa, sun yi shawara a kanta. Sun tausaya mata. Yarinyar da ta goya ta je ta nemo mata alfarma a wurin mutumin da ya tafi ya bar su, shi kuma ya yi alfarmar a ɓoye ya ƙara zama mutumin kirki. Kishin wannan kirkin ya fi na hoton kifi sau goma.

"Ban roƙi sadakar kowa ba," ta ce. "Ka riƙe kuɗinka ka ƙara wa tirela fenti."

Branko ya sosa ƙeya. "To yanzu me kike so in ce musu ranar Litinin?"

"Gaskiya. Haya take biya, albashi take ɗauka."

"Shi ke nan. Duk abin da kika rubuta, zan ce haka ne."

"Kada ka yi mini wannan sanyin naka! Ka yi gardama mana, in kai namiji ne. Ka ce 'yarka ce, ka ce kai ke ciyar da ita!"

"'Yata ce. 'Yarki ce. Takarda ba za ta ƙara mini ko ɗan yatsanta ba." Ya mayar wa Shanae da takardar. "Kifi zai lalace a rana," ya ce, ya koma teburinsa.

Suka rage su biyu. Shanae ta zauna a bakin gado, takardar a kan cinyarta, ta daɗe tana kallon layin ƙarshe.

"Wannan layin su suka ce a rubuta, ko ke kika tsara?"

"Haka doka take so."

"Na ce ke kika tsara?"

"Ni na rubuta. Magana ce ta ofis kawai, Shanae, ba ta da wata ma'ana."

"In ba ta da ma'ana me ya kawo ki tafiyar awa uku?" Ta share hanci da bayan hannu. "Ranar da na fara aiki sun ba ni fom, akwai inda aka ce wa za a kira idan wani abu ya same ni a teku. Baba yana nan, minti biyar daga tasha. Amma sunanki na sa. Mai jirgin har ya yi mini dariya, ya ce kafin ki iso an gama komai. Na ce a bar shi haka, uwata ce ke kula da ni."

Nan ne ya kamata Raelene ta karɓe takardar ta yayyaga. Ta san haka, hannunta har ya motsa. Amma ta ƙaramar tagar tirelar tana hango tubalan nan da aka jera zuwa kicin, sai ta ji ba za ta iya komawa gida ta bar masa yarinyar har a rubuce ba. Ta ce, "Sa hannu kawai, in kama hanya kafin rana ta yi."

Shanae ta sa hannu. Ta ɗauko takardar albashi daga cikin wani kwali ta haɗa mata. Ta raka ta har mota, ta ce a gaida Kirra, ta ce a yi tuƙi a hankali, duk da ladabin da ake yi wa baƙo. Branko ya aiko da kifi a cikin ƙanƙara, Raelene ta ce motarta za ta yi ƙarni.

Bayan mako uku amsa ta zo. An karɓi shaida, uba bai yi jayayya ba, an cire babbar yarinya daga lissafi tun daga ranar da ta bar gida. Kuɗin wata ya ragu, kuma za a riƙa yankar rarar da aka biya ta a baya kaɗan-kaɗan. Bev ta karanta ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin wanda ya tuƙa mota awa shida don ya rage wa kansa abinci ba. Raelene ta ce ai ta yi nasara, ba a sa sunansa ba. Haka ne kuwa, ba a sa ba. Ta duba gaban takardar ta duba bayanta, sunan Kirra kaɗai ke ciki. Ta ɗauki ƙarin aikin ranar Lahadi don ta cike gurbin, kuma har yau tana yi.

Shanae ba ta yi fushin da ake gani ba, da ma ta yi. Ta dai daina kira, sai in an kira ta. Wata Lahadi da yamma, bayan Raelene ta tashi daga aiki, ta zauna a matakalar bayan gida ta danna lambar.

"Mama. Lafiya?"

"Lafiya lau. Na ce bari in ji ki. Ya aikin?"

"Da godiya."

"An ce sanyi ya fara a teku. Kina da rigar kirki? In aiko miki da ta ulun nan?"

"A'a, bar shi. Na saya."

"Tarin nan naki fa da ke tashi duk sanyi? Kin je an duba ki?"

"Na je da kaina. Kada ki damu, Mama, ina kula da kaina."

Raelene ta gyara riƙon wayar. A da yarinyar nan sai an ce ta yi shiru, yanzu ko Baba ya ce ɗin ma an daina gaya mata, kuma abin kunya, shi take kewa. Tana cikin neman abin faɗa sai ta jiyo ƙarar ƙofa daga can nesa cikin wayar, da muryar namiji yana cewa abinci ya sauka, a zo tun da zafi.

"Ina zuwa, Baba!" Shanae ta amsa da wata murya daban, mai rai, irin wadda take amsa wa uwarta da ita a da. Sannan ta dawo kan waya. "Mama, zan tafi. Akwai wani abu?"

"Me ya dafa?" in ji Raelene.

Amma an riga an kashe wayar.